Ya Laƙaba Mini Suna Hajiya Kamfaila

Anti, don Allah ki ba ni shawara kafin in yi aika-aika. Ni mai rubuta manhaja ce. Kwanakin baya na saka lamda, wato ɗan guntun aiki marar suna, cikin tamfilet na aji, ƙirar da ake fitar da azuzuwa iri-iri daga gare ta (aji a wajenmu ƙunshi ne na bayanai da ayyukansu). Kamfaila, wadda ke juya rubutunmu zuwa yaren inji, ta kafe cewa lamdar ba ta san kayan ajin da take ciki ba. A taro na ce ina zargin kamfailar ce da matsala. Abokin aikina, wanda teburinsa ke jikin nawa, ya yi dariya har da buga ƙafa, wai duk ɗan koyo haka yake cewa. Ya laƙaba mini Hajiya Kamfaila. Yanzu har mai gadi da shi yake gaishe ni.

Na yi ta aske rubutun har ya koma ɗan mitsitsi, na gwada a wasu kamfailoli, ya wuce sumul. Na kai rahoto, masu kamfailar tamu suka amsa laifinsu. Ƙarin kalma ɗaya ke kauce wa matsalar.

To, Anti, shi ma aikinsa cike yake da irin lamdar nan. Injinsa na kan tsohuwar kamfaila, na ɗakin taro kuwa na kan sabuwar, mai matsalar nan, kuma can zai nuna wa manya aikin da ƙarin girmansa ya rataya a kai. Wallahi so nake in zauna kujerar gaba in ga gumi na keto masa. In yi shiru?

Wadda Aka Ci Wa Fuska

Ƙanwata, ya yi miki rashin mutunci, kuma fushinki na kan hanya. Amma a yi adalci: yawanci mai zargin kamfaila shi ne da kuskure. Laifinsa dariyar ce, ba shakkar ba.

Shirun nan kuma ke zai ci. Rahotonki na ɗauke da sunanki. Ranar da ya sha ƙasa a taron, za a tambayi wanda ya sani bai faɗa ba.

Ki tura gyaran ga ofis duka kafin taron, ba tare da habaici ba. Da hannunsa zai bi lamdodinsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙara kalmarki. A ƙasan saƙon kuma kar ki sa sunanki na yanka. Ki sa wanda ya raɗa miki.

Allah Ya huci zuciyarki, Hajiya Kamfaila.