Rigar da Na Ba Ɗan Kama

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya Kumasi? Muna lafiya a Bagudo, ban da ɗanka Bello.

Ranar bikin 'yancin kai, wani ɗan kama ya kwaikwayi in'inarsa a kasuwar Illo, har da buga ƙafar da yake yi kafin magana ta fito. Na bi al'ada, na ba shi rigata don ya bari. Ya zura ta, ya ce, "Ba-ba-baffa ya biya!" Yanzu fatake sun kai wasan har ƙasar Dahomey.

Saukar karatun Bello ta matso, amma ya jingine allo. Jiya na kira shi, da hannu ya amsa.

A sa shi a addu'a. Ka gai da uwarsa, amma kada ka karanta mata wannan.

Ƙaninka,
Garba