Uban da Ya Shigo a Shafin Ƙarshe

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Baffanki da mutanen gidan duka. Yaya karatu? Yaya ciwon idon da kika ce yana damunki? Ni lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta zama 'yar gida.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannuna a hoto. In na kira ki a waya gaisuwa kawai muke yi, sai shiru, ina jin numfashinki kina jin nawa, har ki ce ga Baffa. Rannan na jiyo yaran gidan suna ihu wai Baban Waya ne ya kira. Ban ji haushinsu ba, abin da suka gani suka faɗa.

Labarin da kika rubuta ya iso. Na san ba don ni kika turo ba, don Dattijo ne, tunda na taɓa gaya miki tsohon da nake jinya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin da ake zana fina-finan nan da kuke kira anime. Shi ne mai tsara abin da za a fara nunawa, da abin da zai biyo baya, da tsawon lokacin da ido zai tsaya a kai. Yanzu ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Bai san ko ya karya kumallo ba, amma ki kunna masa tsohon aikinsu, sai ya miƙe zaune yana zagin wanda ya yanke hoto da wuri. A gefensa na koyi yarensu, shi ya sa 'yarsa take mini dariya, wai ina magana kamar ɗan fashin cikin zane.

Na same shi da hantsi, lokacin da hankalinsa ya fi zama wuri ɗaya, na juya masa shafinki na farko cikin yarensu. Kin fara da sunan yarinyar, da shekarunta, da dogon gashinta, da cewa tana da kirki da haƙuri. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko a ofishin katin shaida kike aiki. Kada ki ji zafi, ni ma haka yake mini kullum. Ya ce mutum ba ya shiga ran mai kallo da suna, sai an gan shi yana fama da wani abu. Ya sa na nemo masa wani fim nasu. Akwai wani ƙaton mayaƙi a ciki, farkon ganinsa kuwa ba a filin daga ba ne. Yana zaune a kan kifaffen bokiti, yana ta ƙoƙarin zura zare a allura da yatsu kamar muciya, don ya ɗinke jakar makarantar ƙanwarsa. Ba a ma faɗi sunansa ba, amma na riga na ji ba na so ya mutu.

Na yarda da maganarsa, don kowace safiya ina gwada ta. Duk wayewar gari ya manta da ni. Da farko nakan shiga in ce ni ne wane, mai kula da kai, sai ya ja bargo yana ihun ɓarawo. Yanzu nakan wuce kai tsaye wajen tagar ɗakinsa, wadda take cijewa, in yi ta kokawa da ita ina tsaki. Sai ya leƙo daga bargo ya ce, "Kai Dogo, ɗaga ta sama tukuna, jaki!" Shi ke nan mun saba, har ya yarda in yi masa wanka. 'Yarsa ta so ta kira kafinta ya gyara tagar, na roƙe ta ta bar mini abata.

A can tsakiyar labarin na ga yarinyarki tana wanke takalmin makaranta da buroshin haƙorin Baffanta a ɓoye. Daga nan ya kamata ki fara. Dogon gashin zai iya jira.

Abu na biyu daga gare ni ne, ba daga Dattijo ba. Uwar yarinyar ta rasu, ina juya shafi sai ga Baffa ya zame a ruwan wanke-wanke da tabarmi a ka, ana ta ƙyalƙyala dariya. Wannan ya yi mini ciwo. Mutuwa ba abin wasa ba ce, ki cire wurin.

Ki gaida Baffanki da kyau. Allah ya yi miki albarka.

Babanki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata idon ya yi sauƙi kuma kin rage karatu a waya. Yaya ƙafar Baffanki? An ce ta kumbura, ki matsa masa ya je a duba, kin san shi da taurin kai.

Amsarki ta iso, gajera mai kaifi. Kin ce ba ƙirƙira kika yi ba, haka aka yi ranar da aka kai mahaifiyarki. Baffanki ne ya zame, ke ce kika fara dariyar, kuma ita ce ta sa kika iya haɗiye ruwa a ranar. Kika rufe da cewa da ina nan da na gani.

A tsaye na karanta a kicin, har ruwan shayin Dattijo ya ƙafe a buta. Ba zan sake ba ki labarin takardun izinin zama da suka ɗaure ni a ƙasar nan a lokacin ba. Kin ji shi har kin gaji, kuma bai canza komai ba. Amma zan faɗi abin da ke raina sau ɗaya. Rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa, da makarantar da kika koyi yi mini baƙar magana da kyakkyawan rubutu, daga gadon bayan tsofaffin da nake gogewa suka fito. Ni na ƙare ina kwashe ƙazantar iyayen wasu, wani kuma ya zame a ruwa ya zama uba. Wannan shi ne ɗacin, na faɗa.

Ga kuma gaskiya. Ba zamewar ce ta mai da shi uba ba. Shi ya goya ki zuwa asibiti, shi ya je ya ba malamai haƙuri da kika fasa wa wata baki, shi ya san abincin da ba kya ci. Ni har yau ban sani ba. Ƙanena bai ci mini komai ba, ba abin da ke tsakanina da shi sai godiya, ko da yake godiyar tana da nauyi.

Na karanta wa Dattijo wurin, ban gaya masa abin ya faru da gaske ba. Na ce wani ya ba da shawara a cire. Ya ce ko waye wannan bai taɓa zaman makoki ba, a tura shi ya sayar da kifi. A faɗarsa, a gidan rasuwa aka fi yin dariyar gaske, su ma da gangan suke sa ta a aikinsu. Laifinki ɗaya ne: kin yi tsalle daga gawa zuwa dariya ba ki bar mutum ya shaƙi iska ba. Su a irin wannan wuri sukan sa hoto guda wanda ba kowa a ciki, ba kiɗa ba magana. Numfashi yake kiransa. Ya nuna mini wani. Ana ta guje-guje da barkwanci a kasuwa, sai aka koma kan igiyar shanya a bayan wani gida, riga ɗaya tana lilo, yayyafi ya fara, ba wanda ya fito kwashewa. Tun kafin a faɗa na san matar gidan ta tafi. Ya ce ko daga dariya za a shiga kuka, ko daga kuka za a shiga dariya, ta wannan ƙofar ake bi.

To ki bar Baffa ya zame, na janye maganata. Amma kafin nan ki ba mu abu ɗaya da idonki ya tsaya a kai a ɗakin mahaifiyarki bayan an fita da ita. Ba zan iya ce miki ga shi ba, ke kika gani. In kin rubuta ki turo mini. Wannan kam ni nake so, ba Dattijo ba.

Shi jikinsa sai ja da baya yake yi. Jiya yana tsakiyar dariya da wani zane sai ya fashe da kuka yana kiran matarsa da ta daɗe da rasuwa. Na riƙe hannunsa har ya lafa. 'Yarsa ta fara zancen gidan kula da tsofaffi, kuma ban ga laifinta ba.

Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, ya raya mana ke.

Babanki

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina yi miki fatan alheri, ke da kowa da kowa. Na ji daɗi da kika ce ƙafar Baffa ta saɓe. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abubuwa ne suka taru.

Na ga abin da kika sa kafin dariyar. Gado a gyare, wayar uwar a kan matashi tana ta haske tana mutuwa, ba wanda ya ɗauka. Ba ki rubuta wanda yake kira ba. Kin kyauta, kada ki ƙara ko kalma. Ni na san wanda yake kira, kuma ya san ba za ta ɗauka ba, so yake kawai wani ya ɗauka a ɗakin.

An kai Dattijo gidan tsofaffi. Safiyar da za a tafi da shi na yi ta kokawa da tagar har hannuna ya yi ja, yana kallona, ko jaki bai kira ni ba. Na je duba shi a can. Wurin tsaf yake, ma'aikatan suna da kirki, tagoginsu kuwa ko yatsa ka sa sai su buɗe. Na kunna masa fim ɗin ƙaton mayaƙin, ya kalli bango. Saboda haka abin da kika turo na ƙarshe ba shi zai duba ba. Sai dai ki yi haƙuri da ni.

Kin ce kin rubuta ƙarshe iri biyu, in zaɓa miki wanda za ki kai wa malamarku. A na farko uban yarinyar, wanda ba a taɓa gani ba sai a waya, ya dawo ranar da ta gama makaranta, ta ruga ta rungume shi, ana kuka ana dariya. A na biyu bai zo ba, ta fito daga taron ta tarar da Baffa yana jiranta a inuwa, yana gyangyaɗi da takalmi ɗaya a hannu, suka tako gida.

Kin san abin da kika tambaye ni, ni ma na sani. 'Yar Dattijo ta samo mini wani tsohon da zan yi jinya a unguwarsu, tana jiran amsata. Na ɗora takardunki a kan gadon Dattijo da aka kwashe wa zani, ina ta jujjuya su, ina neman hanyar da zan ce na farko ya fi. Na so ƙwarai. Da na faɗa, na san da kin kai shi don ki faranta mini.

Amma na biyu ya fi, nesa ba kusa ba. Shi za ki kai. Baffan nan mun san shi, mun ga zamewarsa, mun ga buroshinsa, gyangyaɗinsa kaɗai ya isa ya sa mutum hawaye. Uban kuwa waye? Ba mu taɓa ganin hannunsa yana wani abu ba. Ya faɗo a shafin ƙarshe da akwati, kika sa yarinya mai kaifin baki irin wannan ta rungume baƙo. Ko rubutunki ya canza a wurin, kalmomin sun yi zaƙi kamar ba naki ba. Ƙarya kika yi don ki tausaya mini, na gode, amma ba na so.

Sai dai da na sake karantawa na ga inda cutar take. Dawowar ba ta da laifi, murnar ce ba a yi mata hanya ba. Da ya dawo yarinyar ta gaishe shi a tsaye ta shige ɗaki, da na yarda. Da ya zauna a tsakar gida an rasa abin da za a ce masa, yara suna leƙensa, da na yarda. Wannan ba ƙarshen labari ba ne, shi ya sa ba zai shiga naki ba, kuma kada ki taɓa naki saboda shi.

Na ce wa 'yar Dattijo ta nemi wani. Ina tafe ƙarshen watan gobe in Allah ya yarda. Na sa a kama mini ɗaki a bayan layinku, ba zan raba ki da gidan Baffanki ba, ba zan kuma ce ki canza sunan da kike kiran kowa ba. Ki gaya masa kada ya tara mutane, kada a yi girki. Ba sai kin zo tarba ba. Ba sai kin yi murna ba, Uwata. In kin gan ni kin ji haushi, ki ji abinki. Ina nan zaune, ko ya wuce ko bai wuce ba.

Ki gaida Baffanki, ki ce na gode. Allah ya sa malamar ta ga abin da na gani.

Wassalam,
Babanki