Lambobin Da Wani Mutum Yake Turo Wa 'Yata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka yi lissafi mai zurfi, ni a firamare na tsaya.

'Yata Nafisa lissafi take karantawa a wata kwaleji nan Daura, yarinya mai hankali wallahi. Bana suka fara wani darasi wai shi namba tiyori, kullum ta dawo da ƙorafi, littafin laburarensu guda ɗaya ne, shi ma an yage tsakiyarsa. Sai ta shiga wani grup tana cigiyar littattafai, can ta haɗu da wani mutum, wai malamin jami'a ne a Kano, ba ta taɓa ganinsa ba. Yana turo mata karatu ta waya, ni har albarka nake sa masa.

To ni ba fita nake ba, amma kunnena ba ya barci. Rannan ina tsintar wake tana sauraron saƙonsa, na ji ya ce akwai lambobi biyu da ake kira aminan juna, ɗari biyu da ashirin, da ɗari biyu da tamanin da huɗu, wai kowacce tana ɗauke da 'yar'uwarta a cikinta. Da ya zo kan "a cikinta" ɗin nan sai ya sassauta murya, ni dai na ji.

Da yayan babanta ya zo daga Baure, malamin zaure ne, na maimaita masa lambobin. Ya ajiye kofin kunu ya ce sarai ya san su, da su mutanen dauri suke yin hatimin soyayya, a ba wanda ake so ɗaya, a riƙe ɗaya.

Na tare Nafisa da maganar, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Umma ai lissafi ne zalla, ta jawo wakena tana kasawa wai za ta nuna mini. Da na ce a rabu da mutumin sai dariya ta koma kuka, wai in ba shi ba faɗuwa za ta yi. Yanzu kuma ya ce babban littafin ba ya turuwa ta waya, sai ta je Kano ta karɓa hannu da hannu. Babanta bai sani ba, ran da ya ji, karatun gaba ɗaya ya ƙare.

Ku da kuka sani, da gaske akwai aminan nan a lissafin boko? Wane littafi ne mai kyau na wannan darasin, kuma ina ake samunsa, Katsina ko Kano, in aiki direban unguwarmu ya kawo mata har ɗaki? In kuma littafi ya zo hannunta, ta ce duk da haka sai ta je, me zan yi?