Ɗan Toka da Ciwon Mu'minatu

Yalwawa, ƙasar Dutse,
cikin watan Rajab,
shekara ta biyu da isowar jirgin ƙasa Kano.

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Sharhabilu, a zangon Kumashi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bilki da yara, ya sa albarka a fataucin goronka, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya ɗan yi jinkiri bana, amma an yi shuka sau ɗaya, muna ta duban gabas. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwa da ke hana ta zuwa gidan suna, abin da ya fi ciwon kansa ɓata mata rai. Maigidana Malam yana gona yana kuma gaishe ka. Takardarka ta iso a hannun abokin fataucinka Isah, wanda ya ce da jirgin ruwa da na ƙasa bai cika wata ɗaya a hanya ba, har Inna ta ce ƙarya yake yi. Ni na karanta mata da kaina. Rubutunka dai yana nan yadda marigayi Baba ya bar shi, sai an yi ta juya takarda kafin a gane kan harafi.

Amma da na zo kan maganar 'yarka Mu'minatu, dariyar ta tsaya. Ka ce tun bayan Babbar Sallah ta fara faɗuwa, ta faɗi sau biyar, kuma masu gani sun ce farfaɗiya ce. Ka ce kun ware mata ɗaki da ƙwarya da tabarma, an hana Bilki taɓa ta saboda jaririn da take shayarwa, kuma in ciwon ya tashi kowa yakan ja da baya har sai ya sake ta. Ka kuma ce wani maƙwabcinku ya ba ka shawarar ka kai ta wani ƙauye wurin mai magani ka bar ta can, kana jiran damina ta wuce ka yanke shawara. Yarinya 'yar shekara tara. Na kwana uku ina juya maganar nan a raina. Layar da ka roƙi Malam ya rubuta, tana cikin ƙunshin dabinon da na ba Isah. Sai dai ni ma ina da abin faɗa, kuma zan faɗe shi ta hanyar da na san ba za ka so ba, domin labarin kare zan ba ka. Kada ka naɗe takardar. Ba haɗa 'yata nake yi da dabba ba, Allah ya kiyaye. Abin da na gani da idona zan gaya maka, kuma a jikin kare na gan shi.

Bara da rani kura ta ɗauke mana awaki biyu, birai kuma suna saukowa daga duwatsu suna ɓarna a gona. Sai Bubayero, Bafulatanin da yake sauka da shanunsa a gonarmu bayan girbi, ya kawo wa Malam ɗan kwikwiyo mai launin toka, ya ce uwarsa ba ta taɓa bari kura ta raɓi garke ba. Ka san ni da kare. Na ce ba a tsakar gidana ba, aka yi masa wuri a bayan garken awaki, aka ware masa kasko. Muka riƙa ce masa Ɗan Toka. Ya tashi da wayo da rashin kunya, duk inda na sa ƙafa yana nan, in na kore shi ya yi taku uku ya zauna yana kallona. Tun ina jifansa da ɓawon gyaɗa har na gaji na ƙyale shi.

Da kaka, yana da kamar wata takwas, wata ranar hantsi muna sussukar gero da maƙwabciyata Larai, na ɗora tukunya a murhu, sai na ga ya tsaya cak yana kallon wuri ɗaya. Can sai ya faɗi ta gefe, ƙafafunsa suka sandare, sannan suka shiga harbe-harbe, haƙora suna kaɗawa, kumfa tana fita a baki. Larai ta yar da taɓarya ta yi bakin ƙofa tana salati. Ni ma na ja da baya, Sharhabilu, ba zan ɓoye maka ba. Ina tsaye riƙe da bakin zanena, yana ta birgima har ya kai bakin murhu, cinyarsa ta hau kan garwashi. Na ji ƙaurin gashinsa, na ga abin da ke faruwa, taku huɗu ne tsakanina da shi, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Da abin ya sake shi, ya tashi yana tangaɗi, bai ma san ya ƙone ba, ya nufo ni. Na ɗauki kara na kore shi. Har yau gashi bai fito a wurin ba, kuma duk sanda na ga tabon sai na ji kunyar kaina.

Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa karen gidan Malam ya haukace. Mai unguwa ya zo zaure da kansa, ina jin su ta bayan danga. Ya ce a kashe shi tun bai ciji wani ba, domin yanzu ƙaramar magana takan kai gaban hakimi, daga nan ta kai kunnen Nasara, shi kuwa ba ya son a kira shi. Malam ya kusa yarda. Allah ya kawo Baba Jaji maharbi, wanda ya tsufa cikin karnuka. Ya sa aka kawo ruwa a kasko, Ɗan Toka ya shanye tas yana kaɗa wutsiya. Baba Jaji ya ce shi bai taɓa ganin mahaukacin kare ya sha ruwa haka ya kuma gane mutanen gidansu ba, kuma haukan kare ba ya sakin dabba ta koma daidai. Ya ce a tsare shi kwana goma, in hauka ne ba zai kai ba. Aka tsare shi, ya cika kwana goma yana cin tuwonsa. Baba Jaji ya ce to farfaɗiya ce, karnuka ma suna yi kamar mutane, ya taɓa riƙe wata karya mai ita shekara shida.

Aka bar maganar kisa, aka koma maganar yawu. Ka san yadda aka rene mu: duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ko ya tsallaka inda ya faɗi, shi ma ya ɗauka. Larai ta kawo kara ta ƙona wurin da ya faɗi da hannunta. Bayan kwana ashirin ciwon ya dawo. Wannan karon a bakin rijiyarmu ne, ka san ba ta da murfi, kuma ba kowa a gida sai ni da Inna. Na ga yana harbe-harbe yana matsawa bakin ramin. Ban yi wani tunani ba, ba kuma jarumtaka ba ce, ƙaurin nan na ranar farko ne ya dawo mini a hanci. Na kama ƙafafunsa na baya na janyo shi, na durƙusa na tare shi da gwiwata. Kumfar ta zubo mini a hannu har wuyan hannu. Da ya lafa na zauna ina kallon hannun nan, na ce shi ke nan, Lauratu, kin sayo wa kanki.

Na wanke hannu na gaya wa Malam. Ya ce ta fuskar tsarki babu damuwa, a littattafan da ya karanta dabba mai rai ba najasa ba ce, ƙwaryar da kare ya sha a ciki ce ake wankewa sau bakwai. Ta fuskar ciwon kuwa ya ce bai sani ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Inna ta ba Larai labari, Larai ta ba duniya. Aka ce a jira kwana arba'in a ga ko ni ma zan faɗi. Cikin kwanakin nan na ɗanɗana abin da ban taɓa ɗanɗana ba. Matan da muka yi shekara ashirin muna aron turmi da juna suka daina shigowa. Na aika wa mai jego da kunu aka dawo mini da shi ba a buɗe ba. In na je gaisuwa sai a shimfiɗa mini tabarma can gefe, ana fara'a ana tambayar lafiyata daga nesa. Ba wanda ya zage ni, kuma da zagin aka yi da ya fi sauƙi. Ni da nake da furfura na shiga ɗaki na yi kuka. Da na karanta cewa an ware wa Mu'minatu ƙwarya, wannan tabarmar na tuna.

Arba'in ta cika ban faɗi ba. Yau wata bakwai ke nan, na riƙe shi cikin ciwon nan sau shida, yawunsa ya taɓa ni ban san iyaka ba, ko ciwon kai ban yi ba. Malam ma ya riƙe shi sau biyu a gona. Mun daina ƙona wuri, don na ce wa Larai in za a bi ta wannan, tsakar gidana za ta ƙare a gawayi. Ita ma yanzu tana shigowa, har ta koma aron turmin da ba ta mayarwa.

Ban ce maka ya warke ba. Baba Jaji ya ba mu sassaƙe iri biyu, ban ga sun rage komai ba. Na ce wa Malam ya yi masa rubutu, ya harare ni, ban sake ba. Abin da na samu shi ne sanin hali. Yakan zo masa duk bayan kwana ashirin ko wata, ya fi yawa in an yi zafi ko ya sha gudu. Kafin ya zo yakan ƙi abinci, ya riƙa bina yana ƙananan kuka. Da na ga haka sai in kai shi inuwar rumbu inda na zuba yashi, nesa da wuta da rijiya. In ya faɗi ba na danne shi, ina dai kare kansa da tsohon buhu. Da farko an ce in sa masa kara a baki kada ya haɗiye harshe, na sa, ya karya haƙori, tun daga nan ban ƙara ba, harshen kuma yana nan. Ba na zuba masa ruwa. Abin ba ya wuce lokacin da za ki, af, za ka karanta Fatiha sau huɗu ko biyar, ko da yake mai kallo gani yake yini guda ne. Sauran kwanakin kuwa kare ne kamar kowane, kuma tun zuwansa kura ba ta sake ɗaukar mana ko ɗan akuya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar. In ciwon ya sake shi, bai san inda yake ba. Idonsa a buɗe amma kamar ba ya gani, jikinsa yana rawa, yana juya kai yana neman wani. Ranar da ya faɗi ba kowa kusa, mun same shi ya shige ƙarƙashin rumbu, ya yini bai fito ba, ko tuwo bai kalla ba. In ina wurin kuwa, hannuna a wuyansa ina kiran sunansa, kafin ruwa ya tafasa ya miƙe yana neman abinci. Na gane cewa lokacin faɗuwar ba ya jin komai, mu masu kallo ne muke shan wahalarta. Tasa wahalar tana farawa ne in ya farka. To dabba ke nan, wadda ba ta san an guje ta ba. Mu'minatu kuwa tana da hankali. Sau biyar tana buɗe ido a ƙasa, jikinta duk ƙura, ba ta san me ya faru ba, ta ga uwarta da ubanta tsaye can nesa suna kallonta. Ba za ta tambaye ku ba, na san halinta, irin naka ne. Amma tana ajiye abin a zuciya.

Ni ba mai magani ba ce, ku ci gaba da nema da addu'a, Allah shi ne mai warkarwa. Ban kuma zarge ku ba, domin ni ma na tsaya a inda kuka tsaya. Abu biyu nake roƙo. Ku mayar da ita ɗakin uwarta, ta ci a ƙwarya ɗaya da 'yan uwanta. Maganar ƙauyen nan kuwa ka bar ta, kada ka kai mini 'ya inda ba wanda ya san sunan kakanta. In kun ga ba za ku iya ba, ban ce komai ba, tsoro ba a cire shi da takarda. Isah zai sake zuwa Kano bayan damina, ya ce matarsa za ta biyo shi, ka haɗo su da ita. Malam zai je Kano ya tarbe ta. Na yi magana da shi ya yarda, har ya sa an yi wa rijiya murfi. A gadona za ta kwana.

Ka gaishe mini da Bilki, ka karanta mata wannan takarda duka, kada ka tsallake wurin da bai yi maka daɗi ba. Ka shafa mini kan jariri. Inna tana sa muku albarka, Malam da Baba Jaji da Larai duk suna gaisuwa. Mu'minatu kuwa ka ce mata dabinon nata ne, gwaggonta ce ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina ta wuce ciwon zai sake zuwa mata, wataƙila ma kafin takardar nan ta iso. In ya zo, Sharhabilu, ka durƙusa. Ka sa hannunka a ƙarƙashin kanta, ka yi ta kiran sunanta, in ta buɗe ido ta same ka a wurin.

Allah ya ba ta lafiya, ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Lauratu.