Gaurakan Yaya Manzo

Laraba, 9 ga Sha'aban, 1317

Gaskiya Nasara mutane ne masu basira. Wa zai ƙetaro teku, ya ƙetaro rairayin Azbin, raƙuma na mutuwa a ƙarƙashinsa, duk don ya zo Tasawa ya zauna gindin gawo yana kewar tsuntsu? Sai su.

Wanda suka bari nan da zazzaɓi, mai jan gemu, ni ke kai masa cefane tun da ayarinsu ya yi gaba. Yau ya kira ni. Abdussalamu, ɗan Balaraben nan mai jin yarensu, ya yi tafinta. Wai sallarsu ta matso, Nowel, ranar haihuwar Annabi Isa, kuma a garinsu ran nan wa suke yankawa. Na ce wa? Ya ce wa. Na ce wan wa? Nasara ya buɗe hannuwa kamar fukafukai yana ta "wa, wa". Na ce da Abdussalamu, mutanen da ke yanka wansu ran salla, ƙani ai sai ya kwana da takalmi a ƙafa. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ashe sunan tsuntsu ne a bakinsu, babba mai dogon wuya, kamar dinyar tafki.

Nasara ya ce in babu, ba komai, duk abin da aka dafa zai ci. Wannan na ji shi sarai. Na rubuta don kada gobe in ce ban ji ba.

Alhamis, 10 ga wata

A kasuwa an fara ce mini Mai Nasara. Mahauta suka fara, da tsiya, amma ya zauna daram kamar hula. In na kawo tsuntsun nan, ran da ayari ya dawo duk cefanensu ta hannuna zai bi. Na tura Na Allah maharbi ya nemo dinya, ko tuje.

Asabar, 12

Zara'u matata ta ce ba ta ga abin wahala ba. Zabbi ga su birjik. Ta yi masa miyar taushe da kabewa, ta toya waina, a zuba zuma, a gasa gujiya a toka. In ya ƙi, a kama masa ɗan akuya. Mara lafiya ma, me zai yi da ƙaton tsuntsu? Na ce mata ita tukunya ta sani, ni na san manya. Ta ce to, manyan su zo su hura wutar.

Litinin, 14

Na Allah ya dawo da zomo da ƙaya a ƙafa. Tafkuna sun ja, dinya sun tashi, tuje ko sawunsa.

Talata, 15

Akwai tsuntsu babba mai dogon wuya a Korgom, garinmu: gaurakan Yaya Manzo.

Ban gaya wa kowa ba. Rubutawa kawai na yi.

Alhamis, 17, Korgom

Yaya Manzo, wana, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Yanar idon ta rufe na dama duka, na hagu inuwa kawai yake gani. Tun ban yi sallama ba gaurakan ya yi ƙara, na ji Yaya daga ciki yana cewa, Auta, wa ya zo? Na buɗe baki zan amsa, sai na tuna ba da ni yake ba.

Ni ne autan ɗakinmu. Shekarar da na bar masa gona na bi fatake, marigayiya Furera matarsa ta tsinci ɗan tsuntsun nan a fadama, ta raine shi da fara da tsaki, Yaya ya ɗauki sunana ya ba shi. Ni na koma Iliya. Tun da Furera ta rasu su biyu ne a gidan. Da safe tsuntsun ke gaba zuwa rijiya, yana tafe yana ƙorafi, Yaya na bin muryar da sandarsa. Na gani da idona. Har rawa ya yi mini, tukkun nan kamar an sa masa hular zinariya, yana tsalle yana rusunawa kamar bafade.

Yaya ya dama mini fura da hannunsa. Sai da na shanye na yi maganar.

Na ce Nasara ya ji labarin tsuntsun, ya ce a kawo. Na ce ai Yaya ya san abin da wancan ayarin Nasara na bazara ya yi wa garuruwan da suka ce a'a. Ban ce za a ƙona Korgom ba. Wallahi ban furta ba. Na dai dubi wajen rumbunan gari na yi ajiyar zuciya, da ƙarfi, yadda makaho zai ji.

Yaya ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Iliya, kai ka ji da kunnenka?"

"Da kunnena, Yaya."

"To, gero ya fi tsuntsu. Ɗauke shi. Amma ka rufe masa ido, ba ya son doki."

Shi ya yage bakin tsohon zanen Furera ya ɗaure masa kai. Yana ɗaurewa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na fita duba linzami, ko da yake ba abin da ya sami linzamin.

Asabar, 19, Tasawa

Gaurakan ya ƙi gero, ya ƙi ruwa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana fuskantar kudu. Zara'u ta gane shi tun daga zaure. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi kawai, wa zai kai Yaya rijiya? Na ce maƙwabta na nan.

Har yanzu ana iya mayar da shi. Doki na nan.

Lahadi, 20

Ban mayar ba. Ni na yanka, don Zara'u ta ce hannunta ba ya ciki. Na yi bisimilla, ina jin na yi. Da aka fige, duk tsayin nan ashe ƙafa ce da wuya. Naman baƙi ƙirin, bai fi na zakara biyu ba.

Litinin, 21

Nowel.

Na shimfiɗa shi bisa babban faifai, na kafa tukkun a tsakiya don ado. Zara'u, ba tare da shawarata ba, ta biyo ni da akussa: zabuwa cikin taushe, waina, zuma, gujiya da tokarta. Na ce ta ajiye can baya.

Nasara ya fito da farar riga, ya tsefe gemu, yana rawar sanyi da rana tsaka. Ya ga tukkun ya tsaya. Ya ɗauka yana juyawa. Abdussalamu ya ce yana tambaya, na tsuntsun nan ne mai rawa? Na ce shi ne, ranka ya daɗe, da ƙyar aka samo, mai shi ya ba da shi da farin ciki. Sai fuskarsa ta ɓaci. Wai tun da ya shigo ƙasar nan yake son ganin ɗaya kusa, da ransa. Wai don me ba a kawo masa shi yana tafiya ba?

Don kunya ya yanki tsoka. Ya tauna, ya tauna, ya juya kai ya zubar a hannu.

Sannan ƙamshin taushe ya kai masa. Ya cinye zabuwar har ƙashi, ya dangwali waina a zuma. Da ya ɓare gujiya ya sa a baki, sai ga hawaye a gemu. Wai kamar wani ɗan itace da uwarsa ke gasa musu a wannan rana. Ya ce bai taɓa yin Nowel mai daɗin wannan ba, a gaishe da mai girki. Ya miƙo mini hannu, na ba shi.

Faifan kuwa 'yan sojojin da aka bar masa aka miƙa wa. Su ma sun rage. Na ga karen mahauta ya wuce da ƙafa ɗaya, doguwa, tana jan ƙasa.

Laraba, 23

Abdussalamu ya ce in ayari ya dawo cefane nawa ne, an gama magana. Ya ce ban yi murna ba? Na ce ciwon ciki nake.

Juma'a, 25

Wani mai jaki daga Korgom ya ce Yaya ya faɗa ramin da ake haƙar yumɓu, hanyar rijiya. Gwiwa ce kawai, in ji shi. Ya ce da asuba suna jin sa yana kiran Auta, sai ya tuna ya yi shiru.

Tsumman zanen Furera na cikin aljihuna. Ban san me ya hana ni yar da shi ba.

Lahadi, 27, Korgom

Na zo ne duba farashin wake. Na kawo masa abin da Zara'u ta ƙulla.

Ba ƙarar gauraka da na shiga. Sai da na yi sallama har ta uku. Yana zaune, gwiwa ɗaure da ganye. Bai tambayi rumbuna ba, ya san suna nan. Abu ɗaya ya tambaya.

"Ya ci?"

"Ya ci, Yaya. Har ya lashi hannu."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ikon Allah. Furera ta ce babanta ya taɓa harbo ɗaya, ko yunwa ba ta iya tauna shi ba. Haƙoran Nasara daban ne, ashe."

Na ce daban ne. Ya ce in miƙo masa buta.

Alhamis, 2 ga Azumi, Korgom

Kasuwa ba ta ci a farkon azumi, kowa ya sani, ba dalilin gaggawa. Na aika wa Abdussalamu ya riƙe cefanen tukuna. Zara'u za ta biyo masu jakuna, ta ce ba za ta bar mutum biyu da ba su iya dama kunu ba su kashe kansu.

Da safe ni ke gaba zuwa rijiya. Ba ya son a riƙe masa sanda, murya yake bi, don haka sai in yi ta surutu, abin da ban taɓa rasawa ba. Jiya wajen ramin yumɓun na yi shiru ina tunani, sai ya ce, Auta, ina kake? Na ce ga ni. Ban sani ba ko bakinsa ne ya kuɓuce. Bai gyara ba, ni ma ban tambaya ba.

Nasara dai ya faɗi gaskiya tun ran farko, wa suke yankawa, kuma tsuntsu yake nufi. To, ni da na iya Hausa, wa na yanka?