Gorar Malam

Litinin, 22 ga Afrilu, 2024
Ruwan banɗaki ya ƙi wucewa. Wari har ƙofar ɗakina. Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana Malam, ba wanda ya ɗaga murfin sokawe, ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa. Da yana nan da tuni.

Alhamis, 25 ga Afrilu
Autana Haris ya zo daga Gusau, ya tsaya nesa yana toshe hanci kamar baƙo. Wai ramin ya cika, da ruwan farko zai rufta. "Inna, gidan ga ya tsuhwa. Mi kika jira Gummi ke ɗai?" Har ya share mini ɗaki a gidansa. Na ce sai an auna tukuna. Ya ce wa zai auna? Na ji haushi.

Juma'a, 26 ga Afrilu
Duk shekara kafin ruwa ya sauka Malam kan naɗe kan wata doguwar gora da farin tsumma, ya buɗe murfi, ya kore mu duka har iskar ta fice. Ko ashana ba a ƙyastawa. Sai ya zura, ya zaro, ya duba inda baƙin ya tsaya, ya yi tsaga da wuƙa. Ni kuwa ina bakin murhu ina kiransa Sarkin Masai. Shi dai sai murmushi. Allah ya jiƙansa. Na yi kewar mutumin nan.

Asabar, 27 ga Afrilu
Ban iya buɗe ɗakinsa ba.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Na buɗe. Gorar tana rataye can sama, ta bayan taga. Tsaga ashirin da shida na ƙirga. A lissafina ashirin da biyar ya kamata, don shekarar ƙarshe ko buta ba ya iya ɗauka. Ta ƙarshen ba zurfi, a karkace. Ashe ranar da na tafi suna Bukkuyum na dawo na tarar da shi yana haki, na yi ta masa faɗa, abin da ya yi ke nan. Na zauna bakin gadonsa na yi kuka na ƙoshi.

Talata, 30 ga Afrilu
Lado magini ya ɗaga mini murfi. Zai leƙa nan take, na daka masa tsawa: "Ja da baya, iskar ta hita tukun!" Muryar Malam sak, har na tsorata. Ni na zura gorar da hannuna. Baƙin ya wuce tsagar ƙarshe da yatsa huɗu kacal, da sauran wuri sosai. Saiwar dogon yaro ce ta cushe bututu. Lado ya sare ta, ya liƙe da siminti. Ya ce, "Hajiya, ramin ga ya hi na gidana lahiya."

Talata, 14 ga Mayu
Ruwan farko jiya. Komai ya wuce sumul. Haris ya bugo, wai ɗakina na jira. Na ce a bari sai bayan damina mu gani. Ban gaya masa na shuka kuɓewa ba.

Na yi tsagar bana da wuƙar girki. Tawa ta fi tasa karkacewa. Gorar kuma ba ta koma ɗakinsa ba, don can ta yi mini tsawo wajen saukewa. Na rataye ta inda hannuna zai kai baɗi.