Wakena Da Sunan Auta

Litinin, 5 ga Mayu

Shagon gyaran firij, ni na buɗe shi. Kayan aiki ɗai-ɗai na tara su, tun daga filaya. Ɗaki biyu da falon nan da muke ciki a hawa na biyu, gumina ne. Yara uku na sa a makaranta, biyu sun wuce inda na tsaya, ni da na ajiye sakandare a tsakiya don in nemo abin da za mu ci. Auta kuwa, ƙanena da shi ma ke zaune a gidan nan, tun yana jan majina na riƙe shi, na koya masa tuƙi, na yi masa aure. Babu kawu, babu baffa, babu wani mai hali da zai buɗe baki ya ce ya taɓa miƙo min ko ruwan sha. Na rubuta ne don da alama ni kaɗai nake tunawa.

Tun da kamfanin kwalabe ya rage wa mutane ranakun aiki, matan gidan benen nan suka buɗe guruf a waya, suna tura wa juna girki mai araha mai riƙe ciki. Wanda ya fi karɓuwa, sai matar maigadi ta rubuta shi da alli a allon da ke gindin matakala. Makon jiya taliya da kifin gwangwani ne. Ba ruwana.

Yau na dawo daga shago na ɗaga kai, sai ga shi da manyan baƙaƙe: WAKEN AUTA.

Jan wake da niƙaƙƙen nama da barkono. Nawa! Wanda na ƙago a bayan shago a kan risho mai hayaƙi, lokacin da nama ɗan dunƙule ɗaya sai ya kai mu kwana uku. Shi abin da ya sani a ciki kawai lashe kwano.

Laraba, 7 ga Mayu

Na sa mai ɗakina ta kunna min saƙon muryar da Auta ya tura musu. Sai da ya yi gyaran murya kamar mai karanta labarai. Wai a jiƙa wake, sannan a zuba komai lokaci ɗaya, wake da tumatir da nama da albasa, a rage wuta don a tattala gas, a rufe a tafi harkoki.

Na yi dariya har da tari. Tumatir tare da ɗanyen wake? Ai ko kwana zai yi a wuta ba zai nuna ba, tsamin ke ɗaure shi. Ashe shekarun nan duk bai taɓa leƙa tukunyar ba sai an sauke.

Mai ɗakina ta ce, to ka gaya musu mana. Na ce in gaya wa wa? Ai waken Auta ne. Su tambayi Auta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na haɗu da matar maigadi tana shara. Na ce mata allonki ya yi ƙarya. Ta ce, “Baba Mai Firij, kai ma ka turo naka mana, mu ba ma ƙin kowa.” Nawa? Wato in bi layi a bayan ƙanena da abina. Na wuce.

Asabar, 10 ga Mayu

Maman Tagwaye da ke samanmu ta ɗora waken. Mijinta na cikin waɗanda aka rage wa aiki, kwana biyu kawai yake fita a mako. Tun hantsi ƙamshin albasa ke saukowa ta tagar kicin. Azahar ta yi, ana jin ƙarar murfi tana buɗewa tana rufewa. La’asar, haka. Can na ji ta ce wa wani, gas ya ƙare.

Mai ɗakina ta dube ni, na dubi rediyon da nake gyarawa. Ta hau da kanta ta dawo, ta ce waken kamar tsakuwa, yarinyar tana tsince shi da cokali tana zubarwa, yara sun ci romon da burodi. Ta faɗa a tsaye, ta ƙi zama.

Ni na ce ta dafa? Lokacin da nake ƙona tukwane a bayan shago wa ya hau ya duba ni?

Lahadi, 11 ga Mayu

An kawo min abincin rana babu magana. An ajiye da ƙarfi. To.

Talata, 13 ga Mayu

Abin dariya, babu wanda ya ga laifin Auta. A guruf sun taru a kan Maman Tagwaye. Wai yaran yanzu ba su iya girki ba. Matar mahaucin gidan nan ta ce wata ko ruwan zafi aka ba ta sai ta ƙona shi, aka yi ta turo fuskokin dariya. Na gamu da Maman Tagwaye a matakala da safe, ta matsa jikin bango ta gaishe ni har ƙasa, idanu a kumbure. Na amsa.

Yanzu kuma sun kawo sabuwa. Wai maimakon kowa ta ƙona gas ɗinta, ranar Asabar a haɗa tukunya ɗaya babba a tsakar gida a kan gawayi. Kowane ɗaki ya kawo abin da yake da shi, wake ko albasa ko tumatir, mahauci zai ba da nama, a raba kowa ya samu na kwana biyu. Wa zai dafa? Mai girkin da kansa. Auta!

Akwai ɗakunan da waken da za su kawo shi ne na ƙarshe a buhunsu. Mai ɗakina ce ta faɗa, ba ni na tambaya ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Auta ya zo shago. Ya faka motar kamfaninsu daidai ƙofa ya tare min haske, kamar kullum. Mutum ya kusa hamsin, furfura a gemu, har yanzu tsayuwar yaro yake yi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Ya ce, “Yaya, akwai abin da na manta a waken nan ko?”

Na ce wane wake? Ni gyaran firij na sani.

Ya ce shi fa bai ce nasa ne ba, su suka sa sunan. Na ce da suka sa, bakinka ciwo yake? Ka wuce ta gaban allon nan sau nawa? Ka ga sun rubuta, ka ji daɗi, ƙirji ya buɗe. Daga baya ya ce shi dai da ya ji ana maganar abin da ke riƙe ciki, babu abin da ya faɗo masa sai wannan, don bai taɓa tashi da yunwa ba in ya ci. Wai ya zaci zan ji daɗi.

In ji daɗi!

Na tambaye shi ko ya taɓa dafawa. Ya ce matarsa ba ta son wake. Wato ko sau ɗaya. Ya tara mata a waya yana koya musu abin da hannunsa bai taɓa yi ba. Na ce je ka ka goge allon, ka shiga guruf ɗin ka ce ƙarya ka yi, sannan ka dawo mu yi magana. Ya ce, “Yaya, a gaban mata?” Na ce a gaban mata ka ɗauka.

Ya tafi. Ya bar min lemo a kan tebur. Ban sha ba, sai da sanyinsa ya tafi.

Juma’a, 16 ga Mayu

Allo na nan yadda yake. Bai goge ba, bai yi magana ba. Girman kai, ban san inda ya gado shi ba.

Sun jiƙa wake a bahon wanki guda biyu a tsakar gida. Na leƙa ta taga. Wake mai kyau, wallahi. Asara.

Na duba saman kabad, babbar tukunyata babu. Wadda nake dafa wa ma’aikata da ita lokacin da shago ke da mutum shida. Mai ɗakina ta ce ita ta ba da aro. Na ce da izinin wa? Ta ce, “Da izinin wadda take wanke ta.” Bakinta ya yi tsawo kwanan nan.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ce ba zan sauka ba, kuma da farko ban sauka ba. Ina taga da shayina. Auta ya ɗaura tawul a ƙugu, mata sun kewaye shi, yana ta surutu. Sau biyu ya ɗago ya dubi tagata. Ya juye wake a tukunya. Ya ɗauko bokitin niƙaƙƙen tumatir, ya riƙe shi a bakin tukunyar ya tsaya, kamar mai jiran a kira shi.

Tukunyata ce. Tumatir a kan gawayi wuni guda ai sai ya kama gindinta, kuma ba a ƙera irinta yanzu. Wannan ne ya saukar da ni, ba wani abu ba. Da silifas ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na mai ɗakina.

Na ce ajiye bokitin nan kafin in juye maka shi a ka. Ya ajiye da sauri har ya fantsama wa matar mahauci a zani.

Na sa aka zubar da ruwan jiƙon, aka sa sabo. Na ce a ƙara gawayi, jan wake ba a lallaɓa shi, sai ya tafasa sosai da farko, daga baya a rage. Shi kaɗai, ba tumatir. A gefe na soya albasa har ta yi ja, na zuba nama na bar shi ya kama ƙasan kasko kaɗan, a nan ɗanɗanon yake. Tafarnuwa. Busasshen barkono a cikin man, ba a cikin ruwa ba, kowa ya yi ta atishawa. Sannan tumatir da tattasai, su soyu har mai ya taso. Sai da na matse ƙwayar wake tsakanin yatsu ta fashe kamar dafaffen dankali na ce a haɗa. Gishiri. Na ɗebi ludayi huɗu na waken na murƙushe na mayar, romon ya yi kauri, sai mutum ya rantse rabin tukunyar nama ne. Wannan dabarar yunwa ce ta koya min, ba mutum ba.

Auta na ba shi muciya na ce juya, kada ka yi magana. Ya juya. Da matar maigadi ta ce, au, ashe Baba ma ya iya waken Auta, sai ya ce, “Nasa ne. Ni ci kawai na iya.” A hankali ya faɗa, yana duban tukunya. Rabinsu ba su ji ba. Ya kamata ya maimaita.

Ya yi daɗi, ba sai an faɗa ba. Mahauci ya ƙara sau biyu a tsaye. Kowane ɗaki ya tafi da kwano cike.

Maman Tagwaye ce ta zo ƙarshe. Ina zuba mata ta ce, “Baba, ashe tumatir ne.” Na ce shi ne. Ta ce, “Kuma kun sani tun ranar.” Ba da faɗa ba. Ta karɓi kwanonta ta yi godiya ta hau.

Ba ni da abin rubutawa a kan wannan.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bayana ciwo yake. Tukunyar ba ta kama ba.

Talata, 20 ga Mayu

Akwai tukunyar gas da ke cin min wuri a shago, wani ya bar ta tun bara. Na cika ta don in gwada ko tana yoyo, ba ta yi. Na ce wa Auta ya hau da ita hawa na uku, ɗakin Maman Tagwaye, ni ba ni da wurin ajiya. Kada ya tsaya surutu.

Na karɓi wayar mai ɗakina na yi musu saƙon murya. Sau huɗu ina gogewa, abin nan ba ya jira mutum ya yi tunani. Na faɗi girkin daki-daki, na tukunyar mutum biyar. A ƙarshe na ce wadda waken ya ƙi nuna mata kwanaki ba laifinta ba ne, ko wace ce ta bi wancan bayanin haka za ta samu, masu dariya su gwada su gani. Matar mahauci ba ta turo fuska ko ɗaya ba.

Yanzu sun dame ni, wai saura me na iya. Akwai na dankali da kabeji da ƙashin saniya wanda nake yi in ciniki ya tsaya. Ban ce zan bayar ba. Na ce dai Asabar ina gida, kuma Maman Tagwaye ce za ta riƙe muciya, don yarinyar tana da haƙurin tsayawa a kan tukunya, ba kamar wasu ba.

Na sauka na sami matar maigadi da allinta. Na ce goge. Ta goge. Ta ce in sa Waken Baba Mai Firij? Na ce firij ne ya dafa? Sunana za ki rubuta, na yanka, cikakke, da na mahaifina, da manyan baƙaƙe yadda mai hawa da mai sauka zai gani. Kuma ba za a goge shi ranar Litinin ba kamar na taliya. Ta ce, shi Auta fa? Na ce in wuri ya rage a ƙasa, ki sa wanda ya juya. Da ƙananan baƙaƙe.

Ina tsaye har ta gama. Ta bar harafi ɗaya, na sa ta gyara.